Motocin Kyauta a Kwarin Gawo

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Kwarin Gawo zuwa Ɗanbatta ya san Muntaka Direba. Tun yana yaron mota yake kan wannan hanya, har Allah ya hore masa tasa, wata tsohuwar fijo ruwan toka mai dogon baya. In ta taso daga gindin durumin tasha, mutanen unguwar gabas kan ji tarinta su ce, "Ga Muntaka nan ya cika." Ba shi kaɗai ba ne a tashar. Akwai wasu direbobi huɗu, kowa da tasa tsohuwar, ana bin layi, wanda ya cika ya tashi. Hanyar kuwa ta burji ce, ta ratsa gonakin gero da gyaɗa har ta haɗu da kwalta, kuma a tsakiyarta akwai wani kwalbati da ke karyewa duk damina.

Matarsa Aina'u man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. Duk Lahadi, ranar kasuwar Ɗanbatta, jarkokinta ake fara ɗaurewa a but kafin kayan kowa.

Da zaɓen ƙananan hukumomi ya gabato, mutum biyu ne suka yi fice wajen neman kujerar ciyaman. Akwai Malam Abdulmumini, tsohon hedimasta, wanda ya ce shi hanyar zai gyara, ya sake kwalbatin, ya bar direbobi su ci gaba da neman abincinsu. Akwai kuma Alhaji Jamil, ɗan kwangila, matashi mai fara'a, wanda ya ce zamanin cusa mutum goma a motar mutum bakwai ya wuce, ƙaramar hukuma ce za ta riƙa jigilar mutanenta da kanta. Da farko dariya aka yi masa, don kunne ya saba jin irin wannan.

Sai wata Juma'a, an sakko daga masallaci, aka ji odar motoci da kiɗa daga bakin gari. Hayis-hayis ne guda uku, farare ƙal, kujerunsu ko ledar ba a cire ba, kowacce da ƙaton hoton Alhaji Jamil a gefenta yana murmushi. Shi da kansa ya hau kan benci a gindin durumi, ya karɓi lasifika.

"Jama'ar Kwarin Gawo, wasu sun ce muku za su yi. Ni ga shi na kawo. Daga yau, Ɗanbatta kyauta, Kano rabin kuɗi. Motocinku ne, ku hau!"

Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan katanga. Muntaka yana jingine da motarsa, bakinsa a buɗe, bai ma san a buɗe yake ba. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne shi ma motocin sun burge shi.

Kafin wata ya zagayo tashar ta mutu. Direba sai ya wuni a layi bai samu mutum uku ba. Wata Lahadi Muntaka yana zaune a benci yana kallon yadda ake turereniya a ƙofar hayis, sai ya hango wasu jarkoki masu jan murfi ana miƙa wa kwandasta. Ya san su. Ya miƙe ya ƙarasa, ya tarar da Aina'u ta ja hijabinta tana ƙoƙarin shigewa.

"Aina'u, har da ke?"

Ta sunkuyar da kai. "Baban Khaulat, ka san mai sayen man nan ba ya wuce hantsi a kasuwa. In na jira ka cika, sai azahar. Makon jiya da rabin kayan na dawo."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya koma bencinsa, yana ji yara suna yi masa dariya ƙasa-ƙasa.

A makon ne wani dillali ya fara zuwa tashar. Ya ce wani attajiri ne a Kazaure ke neman tsofaffin motoci don ɗaukar kayan gona, kuma ba ya ja-in-ja a ciniki. Direbobi biyu suka sayar nan take, suka tafi Ungogo neman tuƙin A Daidaita Sahu. Na uku ya bi su. Na huɗu shi ma ya sayar, ya ce shi dai ya gaji, zai koma gona. Ya rage saura Muntaka, shi da fijonsa da inuwar durumi.

Sai ga saƙo Alhaji Jamil na neman sa. Ya karɓe shi hannu bibbiyu a falonsa, aka kawo masa lemo mai sanyi.

"Malam Muntaka, an gaya mini duk yankin nan babu wanda ya san hanyar nan kamarka. Yaran da ke tuƙa motocin nan baƙi ne, na wucin gadi ne. Kai nake so ka riƙe ta farko, ka zama shugaban direbobin. In Allah ya ba mu sa'a, ma'aikacin ƙaramar hukuma za ka zama, da albashi, da fansho."

"Ranka ya daɗe, motocin na waye?"

"Na jama'a ne mana. Ba ka ji na faɗa a gaban kowa ba?" Ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Sai dai fa direban gwamnati ba ya raba ƙafa. Ba zai yiwu kana tuƙa tamu, taka kuma tana tasha tana kishiyantar mu ba."

Da Muntaka ya dawo ya nemi shawarar yayansa Abdulhadi, manomi mai shanun huɗa, ya same shi a gona yana roron gyaɗa. Abdulhadi ya saurare shi har ya gama, sannan ya karkaɗe hannunsa.

"Ni dai ban san mota ba. Amma Baba yakan ce kada ka ga hadari ka zubar da ruwan randarka. Ka ajiye ta a gidana mana har a gama zaɓen."

"Yaya, in Alhaji Jamil ya ji fa? Ga dillalin nan ma ya ce ƙarshen wata zai daina saye."

Aina'u ma ta roƙe shi ya dakata. Sai ya ce mata, "Ke da kika fara gudun ta?" Ta juya ta koma bakin aikinta. Ranar da dillalin ya zo ya ja motar, Muntaka bai fito ba, ta kan katanga ya miƙa mukulli.

To amma da ya zauna a bayan sitiyarin hayis, duk ya manta. Mota ce da ba ta buƙatar turi, ba ta buƙatar a zuba mata ruwa a hanya. Aka ɗinka masa riga mai hoton Alhaji Jamil. Ya zama duk wanda ya shiga motarsa sai ya sha wa'azi. Tsofaffi su ce, "Muntaka, anya abin nan zai ɗore?" Shi kuma ya buga ƙirji ya ce, "Ni da na sayar da tawa? Kun taɓa ganin na yi wauta a kan mota?" Wannan magana ta fi duk wani fosta tasiri a Kwarin Gawo, don an san shi ba mai rawar kai ba ne.

Ranar da Malam Abdulmumini ya yi babban taronsa a hedikwata, ba a samu motar da za ta kai mutanensa ba. 'Yan kaɗan ne suka je a kan babura. Ranar zaɓe kuwa, Asabar, hayis-hayis ɗin ne suka yi ta kwaso mutane daga rugage da unguwannin nesa zuwa rumfunan zaɓe, kuma yaran Alhaji Jamil ne ke nuna ƙofar gidan da za a tsaya. Kafin a kira isha'i labari ya iso: Alhaji Jamil ya lashe.

Washegari Lahadi, motar Muntaka ta cika maƙil. Kaka ce, kowa da abin sayarwa. Buhunan gyaɗa a sama, kaji a ƙarƙashin kujeru, jarkokin Aina'u a baya. Inna Asama'u, wata tsohuwa mai ciwon gwiwa da ta daɗe da daina zuwa kasuwa sai da motocin kyauta suka zo, tana gaba kusa da shi, da ƙwaryar daddawarta a cinya. 'Yan mata a baya suna waƙar nasara suna tafi. Sauran motocin biyu na biye da shi.

Suna isa inda burji ya haɗu da kwalta, ya ga wata baƙar jif ta gindaya hanya. Ya yi oda, ba ta motsa ba. Wani dattijo mai ƙiba, da carbi a hannu, ya fito daga cikinta, samari suna biye da shi. Ya zo daidai tagar Muntaka ya yi sallama cikin ladabi.

"Kai ne direban? Sannu da aiki. Sunana Alhaji Ɗanliti. Ka ce wa mutanen su sauka."

"Su sauka? Lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Motocina ne. Haya aka ɗauka zuwa ranar zaɓe, zaɓe kuma jiya aka yi. Yau da yamma ana jiran su a wani wuri."

Muntaka ya yi dariya, irin wadda mutum ke yi in an faɗa masa abin da ba zai yiwu ba. "Alhaji, ka yi kuskure. Waɗannan motocin ƙaramar hukuma ne. Dubi hoton ciyaman."

Dattijon bai yi musu ba. Ya dai yi wa ɗaya daga cikin samarin alama. Saurayin ya sa farce a gefen hoton Alhaji Jamil, ya ja. Sitikar ta taso gaba ɗaya, ƙiiii, kamar ana feɗe akuya. A ƙarƙashinta akwai wata fuskar, wani mutum mai jar hula da ba wanda ya taɓa gani, shi ma yana murmushi, da sunan wata ƙaramar hukuma ta wata jiha daban a ƙasan hoton.

Waƙar da ke tashi a bayan mota ta tsaya cak.

Muntaka ya fito. Ya tsaya yana kallon baƙuwar fuskar. Ya sa hannu ya shafa ta, ya ga ita ma gefenta ya ɗan ɗago, akwai wani launin a ƙarƙashi. Ya janye hannunsa da sauri. Ya ciro waya ya kira Alhaji Jamil. Ya ɗauka a bugu na farko, ana jin hayaniyar 'yan taya murna a bayansa.

"Ranka ya daɗe, wani ne ya tare mu a bakin kwalta, wai..."

"Au, Alhaji Ɗanliti ya iso? Ba shi mukullin, Muntaka, kada ka yi masa gardama, mutumin kirki ne. Ma yi magana bayan rantsuwa."

Ya kashe.

Muntaka bai san lokacin da ya miƙa mukullin ba. Abin da ya iya tunawa shi ne samarin suna sauke buhuna a gefen titi cikin natsuwa, har suna ce wa mata su yi a hankali kada su faɗi. Direbobin sauran motocin biyu, baƙin nan, ko a jikinsu. Da ma yaran Alhaji Ɗanliti ne. Ɗaya daga cikin samarin ya hau kujerar Muntaka, ya gyara madubi, suka bi jif ɗin suka miƙi kwalta.

Aka bar mutum kusan hamsin a bakin hanya da kayansu, rana ta fara zafi. Ba wanda ya zage shi. Da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Kallon sa kawai ake yi, shi da rigarsa mai hoto. Inna Asama'u, wadda aka zaunar a kan buhun gyaɗa, ita ce ta yi magana.

"Ɗan nan, ka sani?"

"Wallahi Inna ban sani ba. Wallahi tallahi."

Ta dube shi. "Na yarda. To je ka ɗauko taka ka mai da ni gida, ƙafata ba za ta kai ni ba."

Sai da ta faɗa sannan ta tuna ya sayar da ita. Ta kama baki.

Masu ƙarfi suka tsaya tare motocin da ke wucewa a kwalta, waɗanda galibi a cike suke tahowa. Domin sauran kuwa aka aika gari, Abdulhadi ya ɗauro amalanke ya zo ya kwashi tsofaffi da kayan da ba su samu shiga ba. Ya nuna wa ƙaninsa buhun da zai kama. Muntaka ya cire rigar ya juya ta bai-bai ya mayar, ya bi bayan amalanken a ƙasa, Aina'u na gefensa da jarka ɗaya a ka.

Kwarin Gawo ta wayi gari ba ta da mota ko ɗaya. Mai zuwa asibiti sai a babur, a riƙe shi ta baya. 'Yan acaɓa suka ninka kuɗi. Gyaɗa ta taru a gidaje, masu saye suka riƙa shigowa da kansu suna taya ta yadda suka ga dama. Muntaka ya daina zuwa majalisa, sallah ma a sahun ƙarshe yake yi ya fice kafin a shafa.

Bayan an rantsar da sabon ciyaman, Muntaka ya je gidansa. Ƙofar gaba cike take da 'yan neman alfarma, sai wani mai gadi da ya san shi ya ce ya zagaya ta baya ya jira. Ya tura ƙyauren langa-langa ya shiga wani fili mai ciyawa.

Nan ya ga fijonsa.

Tana ƙarƙashin bishiyar darbejiya, tayar gaba ta sace, kashin tsuntsaye ya rufe gilashin. Kusa da ita ga motocin sauran direbobin tashar, duk huɗun, a jere. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya sake faɗa, ya dafa bango. Kazaure ke nan. Attajirin kayan gona ke nan.

A haka Alhaji Jamil ya fito ya same shi, da babbar riga sabuwa, yana saƙale da waya a kunne. Ya gama wayarsa, ya dubi inda Muntaka ke kallo, ko gezau bai yi ba.

"Ka ga mutuniyarka ko? Tana nan lafiya."

"Ranka ya daɗe... kai ka saye su?"

"To wa zai saya? Malam Muntaka, siyasa ce. Da motocin nan na tasha, da su Abdulmumini zai kwashi mutanensa ranar taro da ranar zaɓe. Kuma ai ban cuce ku ba, kowa an biya shi yadda ya yi farin ciki."

"Ka ce motocin jama'a ne. A gaban masallaci ka faɗa. Ni kuma na bi gida-gida ina rantse wa mutane."

"Jama'a ba su hau ba? Sun hau. Sababbin kuma za mu saya in kuɗi sun zo daga sama, yanzu asusun babu komai, na tarar da shi a bushe." Ya gyara hularsa. "Amma ban manta da ku ba. Na ji halin da garinku ke ciki. Za a yi wa waɗannan fenti a raba muku, kowa ya riƙa kawo balas duk mako. Kai ne na farko a raina."

Muntaka ya dube shi. Yana neman alamar kunya a fuskar mutumin, bai samu ba. Fara'ar nan ce dai ta ranar farko. Ya juya ya fita ba sallama.

Da ya gaya wa Aina'u, tana tsaye a bakin murhu, sai ta zauna a ƙasa daɓas. "A bayan gidansa? Duk tsawon lokacin nan?" Ta yi ta maimaitawa. Shi kuwa ya rantse ko zai mutu da yunwa ba zai karɓa ba. Kuɗin motar kuma da ma sun tafi, rabi a rufin ɗaki, rabi a hidimar kamfen da ya ɗora wa kansa.

Rantsuwar tasa ba ta yi nisa ba. Wata safiya jikar Inna Asama'u, Ramlat, ta faɗi daga kan babur a hanyar asibiti da jariri a bayanta. Allah ya tsare jaririn, ita ta karye a hannu. Da yamma Abdulhadi ya zo, da liman, da wasu dattawa, suka zauna a zauren Muntaka.

"Mun san abin da aka yi maka," in ji liman. "Mu ma an yi mana. Amma gari ba ya zama ba mota. Ka yi kaffarar rantsuwarka, ka je ka karɓo."

"Malam, motata ce fa. In riƙa kai masa balas a kan motata?"

Abdulhadi ya ce, "Ka sayar, Muntaka. Tasa ce."

Ranar rabon, an kafa rumfuna a sakatariya, an gayyato 'yan jarida. Motocin biyar na jere, an shafe su da koren fenti har kan fitilu, an ɗaura wa kowacce ƙyalle. Mai gabatarwa ya yi ta kwarara kirari, ya ce mai girma ciyaman ya cika alƙawarin sufuri tun bai yi wata uku a ofis ba, ya samar wa matasa marasa aikin yi motoci. Aka kira sunan Muntaka. Ya taso, mutum mai furfura a gemu, ya tsaya a gaban kyamara. Alhaji Jamil ya riƙe hannunsa da mukullin a tsakani, ya ce masa a hankali, "Yi murmushi mana." Aka tafa.

Ya shiga ya zauna. Kujerar ta lotsa daidai inda ta saba. Ya murza mukulli, motar ta yi ƙas, ta yi shiru. Ya sake, ko ƙas ɗin ba ta yi ba. An yi mata fenti, ba wanda ya tuna da batir. Masu kyamara suka juya wajen ciyaman, wanda ya riga ya nufi rumfar abinci.

Mutanen Kwarin Gawo da suka zo kallo suna tsaye a bakin ƙofa. Abdulhadi ne ya fara tattare rigarsa ya taho, wasu suka biyo shi. Suka dafa bayan motar, fentin da bai gama bushewa ba yana manne musu a tafin hannu.

"Sa ta a giya ta biyu," in ji Abdulhadi.

"Na sa, Yaya. Ku tura."

Suka tura ta har waje, ta yi tari, ta kama. Ba wanda ya yi sowa. Suka shiga iya waɗanda za ta ɗauka, sauran suka ce ya je ya dawo, suna nan suna jira.